Ranar da Baba Reza Ya Cukuikuye Riga

Duk wanda ya taɓa zama a layin bayan tashar jirgin ƙasa ya san Baba Reza, ko da bai taɓa kai masa ko hankici ba. Shi ne dogon tsohon nan mai wanki da guga da shagonsa ke manne da gidan burodi, wanda in ka wuce da yamutsattsiyar riga zai bi ka da ido har ka sha kwana, yana girgiza kai kamar an yi maka rasuwa. Ba iyayensa ne suka raɗa masa Reza ba. Wani akawu ne ya laƙaba masa shekara hamsin da suka wuce, ranar da ya karɓi wandonsa, ya shafa karin gugar da ɗan yatsa, ya rantse sai da ya yanke shi. Ƙarya ce tsagwaronta, babu karin da ke yanka mutum. Amma Baba bai taɓa ƙaryata labarin ba. In ma ya samu baƙo da shi yake fara tarbarsa, har da nuna yatsan da aka yanka, a hannunsa shi.

Yana ɗan shekara goma sha bakwai ya shigo garin, riga ɗaya a wuya ɗaya a hammata. A lokacin benaye huɗu ne kacal, motoci kuwa ba sai ka leƙa ba, da jin ƙara ka san ta wane ce. Bayan tasha akwai rafi, nan masu wanki suke taruwa tun da safe, su shanya fararen kaya a kan ciyawa har ido ya kasa kallon wurin. Wani dattijo a cikinsu ya ɗauke shi. Shekara guda cur bai bar shi ya taɓa dutsen guga ba, aikinsa hura gawayi da dama sitati. Ranar da aka ba shi dutse kuwa hankici aka haɗa shi da shi, ya goge sau tara ana mayar masa.

Zamanin akawuna ke nan. Ƙarfe bakwai da rabi za ka ga sun fito a jere, farar riga ƙal, wando ya sha sitati har ba ya lanƙwasuwa, suna takawa a hankali don kada gwiwa ta ɓata kari. Akwai wanda Baba ya sani da ba ya zama a ofis sai manaja ya gama zagaye, a tsaye bawan Allah yake rubutu. Mata in za su fita unguwa tun ana saura kwana biyu suke aiko da kaya, su haɗo da gargaɗi. Mutum na iya fita bai karya ba, amma ba zai fita da riga ba guga ba, don kafin ya kai bakin titi labari ya isa gidan surukansa.

A cikin wannan zamani Baba ya goge, ya ƙware har ya fi maigidansa. Zai cika baki da ruwa ya fesa, ruwan ya sauka kamar raɓa, babu inda ya fi wani jiƙa. Zafin dutse da kumatu yake aunawa. Ya kawo shi kusa da fuska ya ce wannan na auduga ne, ko ya ce a bar shi ya huce, siliki ne a gaba. Da maigidan ya tsufa ya koma ƙauye, shi ya gaji teburin da duwatsu uku da duk masu kawo kaya.

Sai yayi ya juya. Wanduna suka buɗe daga ƙasa har ƙafa ɗaya ta ishi yaro riga, samari suka shiga share wa hukuma titi kyauta. Kwalar riga ta yi tsawo ta sauko kafaɗa, takalma suka yi tudu har gajeru suka fara yi wa dogaye magana ido da ido. Baba ya yi mita iya mita, sannan a ɓoye ya je ya ɗinka nasa, ruwan ƙwai. Da shi ya tafi zance wajen yarinyar da ke dasa maɓalli a shagon telan tsallake. Yana tsaye yana jera kalamai iska ta taso, wandon ya kama kaɗawa faf-faf-faf, ta yi dariya har ta soke yatsanta. Ita ya aura. Har ta bar duniya, duk ranar da ya cika mata baki sai ta ce, “Ko a ɗauko wandon nan ne?” Sai ka ji malam ya yi tsit.

Bayan nan aka shigo da rigunan leda masu ƙyalli, waɗanda ba sa shiri da wuta. Ta farko da ta zo hannunsa ta wani malamin makaranta ce. Ya ɗora dutse ya ɗaga, sai ga surar dutsen tsaf a gadon bayan riga, sauran kuma ya bi dutsen yana hayaƙi. Kwana uku yana bi ta lungu in zai je kasuwa. Aka yi zamanin kwat mai kafaɗa kamar an cusa katako, lokacin da mata suka cika bankuna da ofisoshi suna ƙwas-ƙwas a kan siminti. Aka yi zamanin gwanjo, dila-dila na sauka a kasuwa, kowa ya zama ɗan gayu da rigar da wani ya gaji da ita a wata ƙasa. Wannan kam ya yi wa Baba daɗi, don kayan dila a cukuikuye suke fitowa, dole a neme shi.

Garin ma bai tsaya jiran kowa ba. Aka rufe rafin da kankare aka jera shaguna a kai. Aka sare bishiyar da masu wanki ke shan inuwa aka ɗora gadar sama. Gidan silima ya koma kasuwar waya. Benaye suka yi yawa har rana ba ta isowa igiyar shanyarsa sai sha ɗaya ta gota. Dutsen lantarki ya shiga kowane gida, mutane suka fara wuce shagonsa suna kallon sama. Sai dai duk ranar da aka ɗauke wuta za ka gan su sun dawo da kaya a hammata suna sunkuyar da kai, shi kuma yana yi musu sannu da zuwa da ƙarfi don maƙwabta su shaida.

Abin da ya karya shi wandon jins ne, da rigunan nan marasa kwala marasa maɓalli da ake zurawa ta ka. Ba ruwansu da sitati, ba ruwansu da kari. Ya taɓa yi wa wani saurayi kari a jins, don alheri kawai, ba a ma roƙe shi ba, saurayin ya tsaya yana kallon wandon kamar zai yi kuka. Baba yakan ce da can tun daga nesa ka san wanda za ka gaisar da hannu biyu, yanzu kuwa manajan banki da mai tura baro duk ɗaya suke, sai ka tsaya ka ga abin da kowa ya hau. Daga kaya tuli har rufi aikinsa ya dawo ƙulli uku ko huɗu a mako, na tsofaffin da suka rage, su ma duk shekara sai ɗaya ya daina aikowa. Abin yana cin sa, ko da yake in ka tambaye shi cewa zai yi hutu ya ɗauka.

Mutum ɗaya ce ta hana shi zama ya yi ta tsaki shi kaɗai, jikarsa, 'yar 'yarsa, da ya riƙe tun tana shekara huɗu. Siririya ce, ga kutsawa ko'ina, shi ya sa unguwa ke ce mata Allura. A ƙarƙashin teburin guga ta girma tana ɗinka wa 'yar tsana riga. Ta yi shekara uku a makarantar koyon zanen tufafi, ta fito ta ƙara shekara guda tana yawo da takardu ba aiki. Sai wata mata mai babban kantin tufafi a sabon benen gilashi na tsakiyar gari ta ce ta zo ranar Litinin ƙarfe ɗaya, sanye da riga guda da ta ɗinka da hannunta. Su goma sha biyu aka kira, mutum ɗaya za a ɗauka.

Allura ta riga ta faɗa masa ba ɓoye-ɓoye: in ba a ɗauke ta ba, za ta tattara ta bi ƙawarta wani gari mai nisan kwana biyu a mota, inda wata masana'anta ke ɗibar masu ɗinki. Baba ya ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri, amma shi a ransa ya gama zaɓa tuntuni. Tsoro yake ji, tsoro na gaske. Bai san me zai yi da ɗakuna biyun nan na bayan shago ba in yarinyar ta tafi.

A gidan wata ƙawarta a nan cikin gari ta yi ɗinkin, mako uku tana jele, ba ta kawo rigar gida ba sai ranar Lahadi da yamma, a cikin jaka. Litinin da sassafe ta fito za ta je gyaran kai, ta biya ta aro takalmi. Ta tsaya a bakin shago.

“Kaka, rigata tana rataye a ɗaki. Don Allah don Annabi kada ka taɓa min.”

“Ni? Me ya haɗa ni da rigarki? Ina da aikin yi.”

Ba shi da aikin komai. Ko minti goma ba ta yi da fita ba ya tuna wai tagar ɗakinta a buɗe take, ya kamata a rufe. Ya ɗaga labule, ya tsaya cak.

Doguwar riga ce ta auduga marar kauri, shuɗiya mai duhu, ɗinki kam ba a magana, ya duba bakin hannu ya jinjina kai. Amma daga wuya har ƙasa a yamutse take. Ba irin yamutsin da riga ke yi in an zauna a kanta ba, a'a, yamutsi ne dubu bisa dubu, ƙanana ƙanana, kamar an ƙwato ta daga bakin saniya. Baba ya dafe ƙirji. Nan take ya gano komai, a ganinsa. Yarinya ta yi ta fama da ɗinki har lokaci ya ƙure ba ta samu ta goge ba, ga shi tana jin nauyin ta sa tsoho aiki, shi ne ta ce kada ya taɓa. Idonsa ya ciko. “Tausayina take ji,” ya ce da rigar. “To ai ban mutu ba.”

Ya ɗauko gawayin da yake ɓoyewa don manyan kaya. Ya ɗauko babban dutsen, wanda ya gada. Ya shimfiɗa sabon zanen teburi, ya naɗe hannun riga, ya ce bismillah.

Rigar nan ta yi gardama. Ya goge, ya ɗaga, yamutsin ya dawo yana kallonsa. Ya fesa ruwa ya danna da nauyinsa duka, ya dawo rabi. Wani farin ciki ya kama tsohon, irin wanda rabonsa da shi an fi shekara goma. Ga aiki ya samu mai shi! Ya dinga yi wa rigar magana yana cewa ai ba ki san hannun da kika faɗo ba, na ga iyayenki na ga kakanninki. Har waƙa ya fara, da muryarsa da ba ta taɓa yi wa kowa daɗi ba. Mai Burodi, ƙaton mutumin da ke maƙwabtaka da shi shekara ashirin, ya leƙo da gari a gira.

“Baba, yau kwangila aka samu ne?”

“Tafi ka juya burodinka. Yau aikin manya ake yi.”

Awa biyu suka kwashe, shi da rigar, kuma shi ya yi nasara. Ta fito sumul, ko ƙuda ya sauka sai ya zame. Ya ƙara mata kari biyu a hannu, kyauta. Abu ɗaya ne ya ɗan ɗaure masa kai: rigar ta ƙara faɗi da tsawo, yanzu za ta ɗauki Allura biyu da rabi. Ya ce wataƙila haka ake yayi. Ya rataye ta a tsakiyar shago inda ido zai fara sauka, ya wanke fuska, ya gyara zaman hula, ya zauna a benci yana jiran godiya baki har kunne.

Ƙarfe goma saura Allura ta shigo da takalmi a leda tana 'yar waƙarta. Ta kalli abin da ke rataye ta wuce ɗaki. Ta fito da gudu.

“Kaka, ina rigata?”

“Ga ta a gabanki.”

“Wannan ai labule ne.”

Ta matso. Ta kama bakin hannun, ta ga ɗinkinta, ta ga karin. Ledar takalmin ta faɗi. Ita ma ta bi ta, ta zauna daɓas a ƙasa ta ɗora hannu biyu a kan sabon gyaran kanta.

“Na shiga uku. Kaka, kwana tara! Kwana tara na yi ina yamutsa rigar nan!”

“Kina me?”

“Yamutsin ai shi ne rigar! Shi ne zanen, shi zan nuna! In ba shi yadi ne kawai da rami uku!”

“Da gangan kika yi?”

“Da gangan!”

“Da hankalinki, ba wanda ya tilasta miki?”

Ta share ido da bayan hannu, ta kalli agogon waya, ta kalle shi. Da ta yi ta ihu ma da ya fi masa sauƙi. Sai ta sassauta murya, irin yadda ake yi wa marar lafiya magana.

“Ba komai, Kaka. Ina za ka sani.”

Wannan magana ta soke shi fiye da duk abin da garin ya yi masa a shekara talatin. Gari ya ajiye shi gefe, ya jure. Yau ga jikarsa ta yi masa kallon tsohon da ba a kama shi da laifi don ba ya gane komai. Kuma da hannunsa, da dutsensa, ya goge mata hanya sumul zuwa garin nan mai nisan kwana biyu. Ya cire hular ya riƙe a hannu.

Can ya yi gyaran murya.

“Ya kika yi shi, yamutsin?”

“Na jiƙa ta, na murɗe, na ɗaure da igiya, na bar ta a inuwa ta bushe.”

“Sitati fa?”

“Ba sitati.”

“Wuta fa?”

“Wace wuta kuma?”

Baba ya yi tsaki mai tsawo, tsakin gwani da ya ga aikin ɗan koyo. “Shi ya sa awa biyu kawai ta ba ni. Wannan ai ba yamutsi ba ne, wasan yara ne. Yamutsin kirki ba ya fita, 'yar nan.” Ya mayar da hula. “Sau ɗaya yamutsin riga ya taɓa kayar da ni a duniya, ban taɓa gaya wa kowa ba. Ta wani direban babbar mota ce. Matarsa ta sa mata sitati, bai bari ta bushe ba ya murɗe ya cusa ƙarƙashin kujera, a kan inji, ya yi tafiya mai nisa yana zaune a kai. Mako guda ina fama da ita. Ƙarshe na ce masa ɓera ya ci. Danshi, sitati, nauyi, zafi. Tashi ki ɗora ruwa.”

Kafin ta gama gane maganar ya dama sitati tsararo ya tsoma rigar da ya sha awa biyu a kanta. Bai ko runtse ido ba. Ya matse, ya shimfiɗa a teburi, ya shiga tsinke ta da yatsu yana tattarawa ƙanana ƙanana daga wuya zuwa ƙasa. Shekara hamsin yana korar yamutsi, ya san duk inda yake son ɓuya da yadda yake son kwanciya. Shagon ya yi musu kaɗan, suka fito titi. Ya kama wuya ta kama ƙasa, kowa ya ja baya, yana murɗawa dama tana murɗawa hagu, har rigar ta zama igiya, igiyar ta nannaɗe kanta.

“Ƙara! Ba ki karya ba ne? Murɗa!”

Nan fa layi ya tsaya. 'Yan matan shagon waya suka fito suna ɗauka. Mai faci ya bar taya cikin ruwa ya taho. Baba Reza, da rana tsaka, a bainar jama'a, yana cukuikuye riga! Wani tsohon akawu, cikin mutum huɗun da suka rage masa, ya ɓullo da ƙullin kayansa, ya ga abin da ake yi, ya rungume ƙullin ya juya da sauri. Baba ya gan shi sarai, kunya ta kama shi har kunne, amma bai saki ba.

Ya ɗaure dunƙulen da igiyar shanya, ya sa a wankakken buhun fulawa, ya ajiye a benci, ya ƙwala wa Mai Burodi kira.

“Zo ka zauna a kan wannan.”

“Baba, ni fa kujera ma tsorona take ji.”

“Shi ya sa na kira ka. Zauna, kada ka tausaya mata.”

Mai Burodi ya zauna, bencin ya yi ƙara, jama'a suka sa shewa. Minti goma yana kai yana karɓar gaisuwa, har yana tambaya ko ya ɗan yi tsalle. Daga nan aka wuce gidan burodi gaba ɗaya, har da 'yan kallo. Baba ya bi saman tanda yana kara kumatu nan da can, ya samu inda ya yi masa, ya ce nan ne na auduga. Ya ɗora buhun. Duk bayan 'yan mintuna ya juya shi, ya sassauta igiya ya bar tururi ya fita, ya sake ɗaurewa. Gumi ya jiƙa shi sharkaf, rigarsa ta manne ta yamutse, bai ma lura ba. Allura tana tsaye tana cizon yatsa tana kiran lokaci.

“Sha ɗaya da rabi, Kaka.”

“Na ji.”

“Sha biyu saura.”

“In kika ƙara faɗa ke zan ɗora a tandar.”

Sha biyu da kwata ya sauke. Ya kwance igiyar a hankali, ya kama kafaɗun rigar ya girgiza sau ɗaya. Ta warware ta sauko, ta tsuke ta koma girmanta na da. Yamutsin ya fito siri-siri, a jere kuma ba a jere ba, kowane da kaifinsa, in an motsa sai shuɗin ya yi duhu nan ya yi haske can. Allura ta taɓa da yatsa ɗaya, ta ja, ta saki, ya koma inda yake.

Ta ruga ɗaki ta fito a cikinta. Baba ya zagaya ta yana harara. A ransa ya san bai taɓa ganin riga ta zauna wa mutum haka ba, amma ba zai faɗa a gaban mai faci ba.

“Kin yi kama da wadda ta kwana uku a tasha.”

“Na yi kyau ke nan. Kaka, ƙanshin burodi nake yi!”

“Ki ce turare ne.”

Mai faci ya tsayar da tasi. Tana buɗe ƙofa Baba ya ɗaga hannu ya ƙwala, “Kada ki zauna a kai, za ki ɓata...” Sai ya tuna. “A'a, zauna! Zauna da kyau! Ki jingina ma!”

Motar ta tafi, jama'a suka watse suna ta dariya, shi ya rage a benci da sitati a farce. Mai Burodi ya kawo masa mai zafi guda, bai ci ba. Ƙarfe biyu ta yi, uku ta yi. Duk tasin da ta rage gudu sai ya miƙe. Ya dinga lissafa abin da zai iya faruwa: ko matar ba ta son sitati, ko danshi ya rage a hammata, ko wata a cikin sha ɗayan tana da kakan da ya san zamani.

La'asar ta wuce sannan ta ɓullo daga kwana, a ƙafa, takalmin aro a hannu, fuska ba yabo ba fallasa. Ta tsaya a gabansa ta yi ajiyar zuciya.

“Sau uku ta zagaya ni,” in ji Allura. “Ta ja nan, ta ja can. Ta sunsuna. Ta ce wace na'ura ce ta yi wannan, don ita ta yi oda daga waje ba ta samu irinsa ba. Na ce ba na'ura ba ce, kakana ne.”

“Kika faɗi sunana?”

“Har da kwatancen shago.”

“Kin kashe ni. Shekara hamsin ina gina suna.”

“Ta ce guda talatin take so kafin ƙarshen wata, kuma hannun da ya yi wannan shi zai yi su.”

“Ki gaya mata ni mai guga ne.” Ya kau da kai. Ya juyo. “Wane irin yadi?”

Sai dariyar da take dannewa ta ƙwace. Ta yi tsalle ta dire da takalmi a hannu. “An ɗauke ni, Kaka! Gobe zan fara! Ni kaɗai a cikin sha biyu!”

Mai Burodi ya yi wata kururuwa daga cikin shagonsa har tattabarun gada suka tashi. Baba kuwa bai motsa ba. Akwai tambaya ɗaya da ta rage masa.

“To... wancan garin fa?”

“Wane gari? In suna son riga su zo nan su saya.”

Ta zauna a bencin, ɗan nesa da shi, tana ba shi labarin na'urar hawa bene da madubin da ya kai rufi. Ba ya jin ko ɗaya. Daɗi ya cika shi har ya rasa inda zai sa kansa. Yana kallonta, hannunsa na dama ya tashi da kansa, ya sauka a hannun rigarta, ya fara shafa wani ɗan yamutsi yana miƙar da shi.

Ta kaɗe hannun. “Kaka!”

Ya janye da sauri. Ya kalli hannuwan nasa biyu kamar na wani ne, ya tura su ƙarƙashin cinyoyinsa ya zauna a kai, yana dariya hawaye na bin gemunsa.

“To matso kusa,” ya ce. “Na riƙe su.”